Rabon Nomau

Ku yaran yanzu kuna ganin gangar nan a rataye a zaure, kuna cewa wai mene ne abin wahala a kiɗa, ba fata ba ce ka samu sanda ka yi ta jibga? Ran nan ma wani ya shigo fitar da babur ɗinsa, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan makulli, ya ce da ni, "Baba, ku dai kun ci bulus a zamaninku. Mutane na duƙe suna noma, ku kuna tsaye kuna cika musu kunne." Na bar shi ya tafi, don na san kallon kitse yake wa rogo. Amma tunda kun zauna, bari in gaya muku yadda abin yake, da kuma shekarar da na kusa rataye gangar nan gaba ɗaya tun da sauran ƙarfina.

Ni makaɗin noma ne, kuma a hannun ƙanin mahaifina na koya, Baffa Ilu, Allah ya jiƙansa. Ɗan ƙaramin mutum ne mai saurin hannu, gular da yake kiɗa da ita, wato sandar nan mai lanƙwasasshen kai, ita ce kuma bulalarsa. Na daɗe ina bin sa da kazagi a wuya, 'yar ƙaramar gangar da ke amsa wa babba, kafin ya yarda in taɓa tasa. Aikin farko da ya sakar mini shi ne ɗaure fata. Na je wurin mahauta na zaɓo wata fatar tunkiya mai faɗi da laushi, ina ta murna na yi sa'a. Ya zuba mini ido na jiƙa ta, na kankare gashin, na shimfiɗa a bakin icen, na yi ta jan tsarkiya har tafin hannuna ya yi bororo. Sai da ta bushe ya miƙo mini gula ya ce in buga. Ban yi nisa ba ta tsage. Sannan ya ce, "Fatar akuya ake sa wa gangar noma, ɗan nema. Tunkiya ba ta ɗaukar duka." Da tun farko ya gaya mini da na manta, ga shi har yau ina tunawa.

Da ruwan Tiga ya iso mana, aka yanka hanyoyin ruwa ta Kura da Bunkure har Garun Mallam, sai aikinmu ya ninku, don noma ya daina tsayawa da kaka. Ga huɗar tumatir, ga dashen shinkafa, ga yashe kanal. Sai dai ruwan ya zo wa makaɗi da nasa ciwon kan, don ganga ba ta son danshi. Ka fito da ita da safe tana magana tar, kafin ka tsallake kanal biyu ta yi sanyi, ka buga ka ji kamar ana dukan buhun dusa. Dole ka haɗa 'yar wutar kara a gefen gona ka gasa fuskarta, kana juyawa kana taɓawa da bayan hannu. In ka yi ganganci zafi ya yi yawa, ka tashi da tsagaggiyar fata, ga mai gayya yana jira, ga mutane sun taru da garemaninsu.

Akwai wata gayya a bayan Kura da ita ce ta farko da Baffa ya ba ni babbar ganga a gaban jama'a. Cikin masu noman akwai wani saurayi mai ƙarfi, garmarsa na tashi da ƙasa kamar wasa. Ya burge ni, na ɗora kiɗan a kan saurinsa. Kafin a jima ya yi wa kowa fintinkau, layi ya karye, dattawa biyu da aka bari can baya suka ji kunya suka nemi inuwa suka zauna, wai bayansu ke ciwo. Baffa ya karɓe gangar a gaban kowa. A hanyar gida ya ce da ni, makaɗi ba gangarsa yake kallo ba, bayan mutane yake kallo. Ka nemo wanda ya fi kowa rauni a layi, ka ɗora kiɗan a kan garmarsa, sannan ka riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan yadda ba zai ji ba. Bayan wannan kuma kowane manomi da takensa, wanda ya gada daga ubansa, in ka kaɗa masa sai ka ga ya ƙara duƙawa. In kuwa ka yi kuskure ka kaɗa wa mutum taken gidan da ba sa shiri, to ka yi abokin gaba har a kasuwa.

Amma akwai take guda ɗaya da ba na kowa ba ne, na kowa da kowa ne, shi ne taken Nomau. Sau ɗaya ake kaɗa shi a wuni, bayan an sha fura, lokacin da rana ta karya mutane aiki kuma bai ƙare ba. Baffa yakan ce, kada ka kira Nomau da safe, in ka kira shi da safe me za ka kira da yamma? Abin da gangar ke faɗa ba shi da yawa: Nomau na bakin rafi, ƙare kunya ka sha ruwa. Ke nan. Amma na sha ganin mutumin da ya riga ya ajiye garma ya miƙe ya ɗauka saboda shi.

Labarin Nomau kuwa kowa a yankinmu ya tashi da shi. An ce a wata shekarar yunwa, tun kafin zuwan Turawa, maza duk sun galabaita ba mai iya ɗaga garma, ga damina ta faɗi. Sai wani dogon mutum ya fito ta bakin rafi da wata garma da ƙarti uku ba sa iya ɗagawa. Ba a san ubansa ba, ba a san garinsu ba. Ya kama gonakin gari ɗaya bayan ɗaya ya huɗe su. Ba ya shiga gida, ba ya cin abinci da mutane. Da ya ƙare kunyar ƙarshe sai ya saɓa garmarsa ya nufi rafi ta gindin wata tsamiya, ba a sake ganinsa ba. Tun daga nan in an kawo fura gona ranar gayya, ludayin farko makaɗi ake miƙa wa, shi kuma ya zubar a gindin kunyar farko. Ba a cewa komai, ba a kiran sunan kowa. Rabon Nomau ke nan. Kuma an ce duk wanda ya sha wannan ludayin ba zai ga kaka ba. Haka na ga Baffa yana yi, haka na yi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, kamar yadda ba ka tambayar dalilin da ya sa ake cire takalmi a bakin zaure.

Shekarar da nake son ba ku labari tana cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin da wa'azi ya yawaita, mutane suka shiga bincikar al'adunsu ɗaya bayan ɗaya. Damina ta yi mana gardama, ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, rumbuna suka tashi rabi. Idon kowa ya koma kan rani. Ga shi kuma reshen kanal da ke shayar da gonakin garinmu ya cushe da taɓo da ciyawar kacalla, har akuya na iya tsallakawa ƙafarta ba ta jiƙe ba. Ma'aikatan ruwa suka sanar da ranar da za su buɗe ƙofa. In ruwan ya zo ya tarar da hanya a toshe, zai fasa gefe ya malale, mutanen ƙarshen layi ko ɗigo ba za su gani ba. Ba mu da halin ɗauko injin haƙa. Sarkin Noma Garba ya ce gayya za a yi, ta gari duka, ya aiko a gaya mini in gyara fata.

Ana cikin haka sai ɗan ƙanwata, Sabi'u, ya ta da maganar. Yaro ne da na goya a kafaɗata, ya tafi birni ya yi karatu mai zurfi, ya dawo yana ba da karatu a masallacin unguwa bayan La'asar. Ba mai hayaniya ba ne, kuma ban taɓa jin ya zagi makaɗa ba. Shi ya sa da aka ce mini ya ambaci Nomau a wurin karatu, gabana ya faɗi. Da mai surutu ne da na ce iska ce za ta wuce.

Mai unguwa ya tara mu a zaurensa kafin magana ta yi tsami. Sabi'u ya gaishe da kowa, ya juyo ya gaishe ni daban, sannan ya ce, "Ni ba rigima na kawo ba, tambaya na kawo. Wane ne Nomau? Mutum dai yana da uba. Yana da gari. In ya mutu yana da kabari. Wannan ba shi da ko ɗaya. Ta ruwa ya fito, ta ruwa ya koma, kuma ta gindin tsamiya. Ba ya ci da mutane, sai an zuba masa a ƙasa. Wanda ya taɓa rabonsa ya mutu. Don Allah, dattawa, in aka cire sunan aka ba ku wannan siffar, me za ku ce? Ba irin iskokin da kakanninmu ke yi wa yanka kafin Musulunci ba ne? Ni tsorona shi ne, wani abin tsafi ne aka sa masa riga da wando aka ce jarumi ne."

Sarkin Noma ya zabura. "Kai, yaro! Nomau mutum ne kamar ni da kai. Kakan kakana ya gan shi da idonsa, a gonarmu ya fara huɗa."

Sabi'u ya ce, "Allah ya ja kwana, kowane gida a garin nan haka suke cewa a gonarsu ya fara."

Aka ɗan yi dariya, Sarkin Noma ya ƙara hasala. Ya ce labari ai ƙari ake masa, yau in mutum ya huɗe gona biyu, jikokinsa za su ce goma ce. Ya ce Nomau baƙo ne ɗan ci-rani, shi ya sa ba a san ubansa ba, kuma rafi ai hanya ce, mutum ya bi ta bakin rafi ba shi ne ya shiga ruwa ba. Wani dattijo ya ce shi a yadda kakarsa ta gaya masa, Nomau har salla yake yi a kan kunya. Wani ya ce ƙarya ne, wannan ƙarin kwanan nan ne. Sabi'u ya ce ko sunan ma a duba, ba sunan yanka na Musulmi ba ne. Sarkin Noma ya ce to kakansa Jatau ne sunansa, shi ma iska ne? Magana ta yi ta kai da kawowa, kowa ya ja ta inda yake so.

Can mai unguwa ya ce, "Ga mai abin nan a zaune. Haruna, kai ke kiransa. Wane ne?"

Duk zauren ya juyo gare ni. Na san yadda ake kaɗa taken, na san inda ake sassautawa da inda ake dannawa, na san lokacin da ake sako shi. Amma wanda nake kira, ban sani ba. Na ce Baffa bai gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Aka tashi a kan za a sake zama kafin ranar gayya.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ba maganar abinci kawai ba ce, ko da yake gangar noma ba tare da taken Nomau ba kamar miya ce ba gishiri, kowa zai gane, kuma a hankali a daina kiranka. Abin da ya fi damuna shi ne, in yaron nan gaskiya ya faɗa fa? Ke nan tun ina saurayi nake tsayawa a tsakiyar gona ina kiran iska da hannuna, in zuba masa fura, in je in yi alwala in yi La'asar. Na tuna Baffa Ilu a kabarinsa, mutumin da ba ya wasa da salla. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ina ɗaure sabuwar fata don gayyar, hankalina ba ya kanta, sai da na kwance tsarkiya na sake ja.

Sai na tuna da wani tsoho a wani ƙauye can gaba da Bunkure, ana ce masa Tanko Mai Tsamiya. Bamaguje ne, a da shi ke riƙe da tsafin gidansu, daga baya 'ya'yansa suka shiga coci suka ja shi. Na ce in akwai wanda zai san iskokin da, shi ne. Na hau acaɓa ban gaya wa kowa ba. Na same shi a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa, ido ya yi rauni amma kunne garau. Muka gaisa, na ba shi goro, na ce, "Baba, tambaya ta kawo ni. Nomau naku ne?"

Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. "Namu? Ai mu tun muna yara aka ce mana naku ne! Ubana ba ya yarda a kaɗa shi a gonarmu. Yana cewa wannan na masu salla ne, kada ya kore mana namu."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce, "Ke nan ba ya cikin waɗanda kuke yi wa yanka?"

"Na san su duka, makaɗi, da abin da kowa ke so. Wani baƙar akuya, wani jan zakara. Ba Nomau a ciki. Wane iska ne zai yi maka huɗar gari guda a kan fura?"

Har na fara godiya zan tashi, sai ya riƙe mini gefen riga. "Tsaya mana. Ka ce zubawa kuke a ƙasa? A gindin kunyar farko? Ba a magana?" Na ce haka ne. Ya murza gyaɗa a tafin hannu. "To wannan kam na san shi. Haka muke yi, sai dai mu ba fura muke zubawa ba. Kuma mu ma wanda ya sha, ba ya ganin kaka." Ya ɗaga kafaɗa. "Wataƙila mutumin naku ne, ludayin namu ne. Ai da can gida ɗaya muke, wa ya san wanda ya ari na wani?"

Na dawo da dutsen a kaina, ya ma fi na da nauyi. A hanya zuciyata ta yi ta raya mini in faɗi rabin farko in haɗiye na biyu. Wa zai je ya tambayi tsohon? Amma na kasa. Na samu Sabi'u a gonarsa, wadda ke can ƙarshen layi inda ruwa ke isa daga baya, na gaya masa duka.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Kawu, ni ba zan iya rantsewa cewa iska ne ba. Ba kuma zan iya rantsewa cewa mutum ne ba. Taken, kai da Allah, in jarumin manomi kake yabo a ranka, ba ni da ta cewa. Amma zubar da fura a ƙasa, wannan a daina." Ya dube ni da idon tausayi, abin da ya fi faɗa ciwo. "In don al'ada kake zubarwa, ɓarnar abinci ce kawai. In kuwa don kana tsoron abin da zai same ka in ba ka zubar ba, to shi ne abin da nake jiye maka, Kawu. Kai kaɗai ka san wanne ne."

Na yi 'yar dariya na ce haba, ni da girmana. Da haka na zille wa tambayar. A zama na biyu aka tsaya a kan haka, za a yi kiɗa, ba za a zubar da fura ba. Sarkin Noma ya fita yana gunaguni, yana cewa in kanal ya fashe kada a neme shi.

Ranar gayya gari ya fito kaf, har da baƙin da suka zo daga kudancin Kaduna da Filato suna aikin tumatir, don ruwan na kowa ne. Washegari ne za a buɗe ƙofa. Masu adda da lauje a gaba suna sare kacalla, masu shebur a baya suna kwashe taɓo suna jefawa gefe. Na gasa fata, na hau kan bakin kanal, na nemo mafi rauni a layi, wani dattijo mai ciwon gwiwa, na ɗora kiɗan a kan sheburinsa. Da safe aiki ya tafi daidai. Amma taɓo ba ƙasar huɗa ba ce, yana riƙe ƙafa, yana riƙe shebur, ga yunwar shekarar a jikin mutane. Kafin Azahar na ga bayansu ya fara miƙewa ɗaya-ɗaya, suna dafa ƙugu suna hangen abin da ya rage. Fiye da rabi ne ya rage. Sabi'u na cikin taɓo har gwiwa da sheburinsa, rigarsa ba ta ganuwa.

Bayan salla tsofaffin mata suka iso da ƙoren fura. Duk shawarar da aka yi, maza ne suka yi ta a zaure, ba wanda ya tuna ya gaya wa Gwaggo Hansai, tsohuwar da tun zamanin Baffa ita ke damun furar gayya, ga shi kunnenta ya yi nauyi. Ta sauke ƙwarya, ta buɗe faifai, ta motsa, ta cika ludayi, ta tako har inda nake ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ungo, Haruna. Ba shi nasa mu sha."

Na karɓa kafin in yi tunani, hannu ya saba. Mutane a zaune a bakin kanal, kowa da taɓo a jiki, kowa ni yake kallo. In na zubar, na karya abin da aka tsaya a kai a gaban mai unguwa, kuma na amsa tambayar Sabi'u a gaban kowa. In na mayar cikin ƙwarya, rabon Nomau ya gauraya da na jama'a, na kuma san dattawan nan, ko za su faɗi don yunwa ba za su sha ba, gayya ta watse ke nan. In miƙa wa wani kuwa, wa zan miƙa wa abin da ni kaina na ƙi? Sarkin Noma ya yi mini alama da ido yana nuna ƙasa. Sabi'u bai yi alamar komai ba, ya sunkuyar da kai yana kankare taɓo daga sheburinsa.

A nan na samu amsar da na ƙi ba shi. Tsoro nake ji. Ni Haruna, mai furfura, mai salla biyar, ina riƙe da ludayin furar gero da nono, wata murya na ce mini ba za ka ga kaka ba. Ban san ko Nomau mutum ne ko iska ba, amma na ga abin da ke zaune a cikin ƙirjina, ban kuma ji daɗin ganinsa ba.

Na ce bismillahi da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji, na kafa kai na shanye.

Gwaggo Hansai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Haruna, me ka yi? Kai ɗan nan, ka kashe kanka!" Sarkin Noma ya kau da kai. Ni kuwa na miƙa mata ludayinta na ce, "Gwaggo, yau kin cika tsami." Wani daga cikin samari ya fashe da dariya, wasu suka bi, aka matso aka fara sha. Dattawa ma suka sha, suna satar kallona kamar suna jiran in kife.

Da aka koma cikin taɓo na gyara maratayi a kafaɗa, na ɗaga gula. A raina na ce, ya Allah, ka san wanda nake nufi, wani bawanka ne da ya yi wa mayunwata noma bai nemi lada a wurinsu ba. In babu shi, to da irinsa nake. Na sako taken. Nomau na bakin rafi, ƙare kunya ka sha ruwa. Ban taɓa kaɗa shi kamar ranar ba, don tsoron da ke ƙirjina duk ya shige cikin gangar. Dattijon mai ciwon gwiwa ya yi wata kururuwa ya danna shebur. Baƙin nan da ba su san labarin ba su ma suka kama, don kiɗan ba ya buƙatar tafinta. Na hango sheburin Sabi'u yana sauka daidai da gulata, ko ya sani ko bai sani ba, ban tambaye shi ba. Kafin Magariba muka fasa zuwa ƙarshen layi. Washegari ruwa ya bi hanyarsa har gonar Sabi'u.

Kada ku ɗauka tsoron ya tafi da ludayin nan. Ranin nan duka a ɗarare na yi shi. In na yi tuntuɓe sai gabana ya faɗi. Da sauron shinkafa ya sa mini zazzaɓi na kwanta, Gwaggo Hansai ta zo dubiya tana kuka tun daga soro, mutane suka riƙa shigowa suna yi mini wani irin kallo. Ni kaina a kwance ina istigfari, ina kuma jin muryar nan tana cewa ai an gaya maka. Sabi'u ne ya ɗora ni a babur ya kai ni asibiti a Kura, yana tuƙi yana cewa, "Kawu, sauro ne fa. Sauro ne kawai." Na ce na sani. Ya ce, "To ka daina riƙe ni haka, za mu faɗi."

Na warke. Aka yanke shinkafar rani, damina ta zo ta wuce, aka yi kaka. Ranar da aka dama furar sabon gero, Gwaggo Hansai da kanta ta aiko mini da ƙwarya, ta ce a gaya mini ita dai ta ga abin mamaki. Sarkin Noma ya ce wannan ya nuna Nomau mutum ne, mutumin kirki ma, shi ya sa bai yi fushi ba. Wani ya ce a'a, ya nuna dai bismilla ta fi ƙarfinsa. Gardamar ta koma sabuwa, kuma har Sarkin Noma ya rasu ba a gama ta ba. Sabi'u yanzu shi ne limaminmu, in aka tambaye shi yakan ce Allah ne masani.

Yanzu gayya ta yi wuya. Maganin feshi ya kashe noman ciyawa, injin ya karɓe huɗa, mai aiki kuma waƙarsa na cikin wayar da ke aljihunsa. Amma nakan samu kira jefi-jefi in za a yashe kanal, kuma har yau ludayin farko ni ake miƙa wa. Ku da kuke cewa mun ci bulus, wannan ne kawai bulus ɗin da na ci a sana'ar nan, kuma ban taɓa kai shi baki gabana bai ɗan faɗi ba. Nakan yi bismilla in shanye. In Nomau mutum ne, ba zai yi wa wanda ya ɗauki sunansa a kafaɗa tun ƙuruciya rowar ludayi ɗaya ba. In kuwa iska ne, to tun shekarar nan yake kwana da yunwa.